Safiyar da Na-Sama Ya Buɗe Akurki

A layinmu Na-Sama muke ce masa, domin duk wanda ya zo nemansa amsa ɗaya yake samu: yana sama. Sana'arsa gyaran keken ɗinki. Ni kuwa tela ne, shagona yana ƙasan benen da yake haya, saboda haka babu ranar da ba ma haɗuwa, ko kekena ya lalace ko lafiyarsa ƙalau.

Ɗakunansa biyu ne a hawa na ƙarshe. Daga bakin ƙofarsa akwai 'yar matakala da ke fita rufin bene, inda tankin ruwa yake da igiyar shanya. A can ya kafa akurkin tattabarunsa, da katakon akwatunan da ake kawo sababbin kekuna a ciki. Kowace mata da miji da nasu gurbin, da tsohon kwano da ya zuba wa ciyawa don sheƙa.

Mutum ne mai aiki da kunne. In ka kawo masa keke, ba ya fara kwance shi. Sai ya ce ka taka, ya karkata kai ya saurara, sannan ya sa yatsa a inda ciwon yake. Haka yake da tsuntsayen. Yana zaune a shagona muna hira, sai ya ɗaga hannu ya ce in yi shiru, wai akwai kyanwa a rufi. Ni ban ji komai ba sai ƙarar motoci. In ya hau, sai ya tarar da kyanwar.

Kafin ya sha shayinsa na safe ya share akurki, ya wanke kaskon ruwa, ya sake sabo. Yana daka ɓawon ƙwai da ɓarɓashin bulo ya ajiye musu a gefe, wai tsaba ba ta narkewa a cikin tsuntsu sai da tsakuwa. Yana da wani gwangwani da ya yi baƙi don riƙo. In ya zuba tsaba ya kaɗa shi, duk inda suke a sararin unguwar sai su juyo. Mai ɗakinsa, Allah ya jiƙanta, ta yi faɗan shanya har ta gaji. Takan ce ita ta wanke, su kuma su buga tambari. Amma in ya kwanta zazzaɓi, ita ce mai hawa da gwangwanin, tana tafe tana zaginsu ɗaya bayan ɗaya.

Mutane sukan zo sayen tattabaru a wurinsa, kuma kowa da karatun da yake yi masa kafin ya tafi. Na ji shi har na haddace.

"Kada ka buɗe musu. Babbar tattabara ba ta san gida ba sai inda ta fara tashi. Ka kulle su har su yi ƙwai, su yi kwanci, su ƙyanƙyashe. Sai da abin da zai riƙe su. Ranar da za ka buɗe kuwa, ka bari sai yamma, kuma da yunwa a cikinsu."

Masu gajen haƙuri sukan buɗe da wuri. Kafin su shiga ɗaki su fito, tsuntsayen sun dawo rufinmu. Shi kuma sai ya kama su ya sa a kwali ya mayar wa mai su, ya sake karatun daga farko. 'Yarsa ta ƙarshe, wadda yake kira Auta, tun tana 'yar mitsitsiya take tsaye a gefensa da gwangwani a hannu tana jin wannan magana.

Shekaru suka tura. Mai ɗakin ta rasu, manyan 'ya'yan suka yi nisa wajen neman abinci, Auta ta yi aure a can ɗaya gefen gari, tana koyarwa a makaranta. Ya rage shi kaɗai a sama, da gwiwoyi masu ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Wata safiya ina ɗinki sai na ji wani abu bai yi mini daidai ba, na rasa ko mene ne. Sai da rana ta ɗaga na gane. Kullum da hantsi inuwar tattabaru takan gilma ta ƙofar shagona, ta dawo, ta sake gilmawa. Ran nan babu. Na ajiye almakashi na hau. A kan 'yar matakalar rufi na same shi kwance, gwangwani ya gangara, tsaba ta watse. Ƙugunsa ya tsage. Ya yi kira har muryarsa ta dushe, babu wanda ya ji. Abin da ya fara ce mini shi ne in sake musu ruwa.

Yana asibiti aka sayar da benen. Sabon mai gida yana son ƙara hawa ɗaya, ya sa aka rushe akurkin, ya garƙame ƙofar rufi da kwaɗo. Likita kuma ya ce mutumin nan ba mai hawa bene ba ne yanzu, ba kuma mai kwana shi kaɗai ba. Auta ta ce ba sai an yi dogon zance ba, gidanta zai koma.

Mijinta direba ne, mutumin kirki mai yawan dariya. Ya haɗa wa surukinsa sabon akurki a kusurwar tsakar gida, inda babu matakala ko ɗaya, har da fenti shuɗi. Ni na taya su kwashe tsuntsayen a kwalaye. Na-Sama ya zagaya akurkin da sandarsa, ya ƙwanƙwasa nan, ya leƙa can.

"Baba, yaya ka gani?" in ji direban.

"Ya yi kyau. In an sa masa kanta irin ta shago sai a fara sayar da katin waya."

Direban ya yi dariya har da riƙe ciki. Aka zuba tsuntsaye, aka kulle.

Ba a rufa mako ba, da sassafe, Na-Sama ya cika musu kasko da tsaba, suka ci suka ƙoshi, sannan ya buɗe ƙofar akurkin ya koma gefe. Suka fito, suka yi zagaye ɗaya a kan gidan, suka miƙe. Ko ɗaya ba ta waiwayo ba.

Direban ya ce tsufa ne, mantuwa ce, kada a yi masa magana ya ji kunya. Auta kuwa ta ɗauki kaskon da babu kowa a kansa ta wanke.

Ni da hantsi na ga inuwa ta gilma ta ƙofar shagona. Na leƙa, ga su jere a bakin rufinmu, inda akurkinsu yake a da. Bayan azahar kuma sai ga mai su ya sauko daga bas, yana dogara sanda, gwangwani a aljihun riga.

"Tela, ka ga abin da 'yan banzan nan suka yi mini?"

Na dube shi. Na sha ganin fuskar wanda ya yi asara, tasa ba ta yi kama da ita ba.

"Na gani. Zauna ka huta."

"Ba zama ya kawo ni ba, kama su na zo yi."

Ya zauna a bencin ƙofar shago.

Daga ranar kullum sai ya zo. Bas biyu yake hawa, da wannan ƙugun. Ya zauna a benci ya kaɗa gwangwani, wasu su sauko bakin titi su ci a gabansa, har wata mai wuya ja takan hau gwiwarsa. Mutumin da na sani yana cafke tattabara tana shirin tashi, yanzu sai ya miƙa hannu a hankali kamar mai gudun kada ya same ta.

"Hannu ya mutu, Tela."

"Allah ya ba shi lafiya."

"Kai dai ka ji da ɗinkin mutane. Rigar nan tun ina da haƙora take rataye a nan."

A ƙarƙashin matakalar benen akwai wani ɗan sito da nake zuba ƙyallaye da matattun kawunan keke. Ba shi da taga, bangonsa kullum a jiƙe, ko da rana sai ka kunna fitila. Wata rana na ga yana leƙa shi, yana auna faɗinsa da sanda.

"Katifa ƙarama za ta shiga nan," ya ce.

"Katifar wa?"

"Ka yi wa sabon mai gidan magana. Kai yana jin taka."

Na tsayar da keke. Na tambaye shi ko wani abu aka yi masa a can.

"Me za a yi mini? Kafin in ji yunwa an kawo abinci. Kafin riga ta yi datti an wanke. Ko cokali ya faɗi, ba a bari in sunkuya. Da safe kowa ya kama gabansa, a bar ni da agogon bango, yana kallona ina kallonsa." Ya juya gwangwanin a hannunsa. "Mutanen kirki ne. Ka dai yi masa maganar."

Na ce to. Mai gidan nan kuwa mutum ne mai wuyar gani. Ko da ya zo duba magina, sai ya zamana ina tsakiyar yanka, ba na iya ɗagowa.

Ana nan, wata ranar da babu makaranta, sai ga Auta da hantsi, ita kaɗai. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta zauna a bencin ubanta.

"Kawu Tela, don Allah me yake yi a nan kullum?"

"Kama tattabaru."

"Nawa ya kama?"

"Yana dai ƙoƙari."

Ta yi ɗan murmushi, wanda bai kai ido ba. Na ga babu amfanin ɓoye mata, na nuna mata siton, na faɗa mata saƙon da aka ba ni. Ta tashi ta tsaya a bakinsa, ta shafa bangon, ta dubi tafin hannunta.

"In ya faɗi a cikin ramin nan, Kawu, wace inuwa za ka gani?"

Na mayar da ido kan ɗinkina.

"Mutumin da ya yi wa rabin garin nan karatun kada a buɗe," ta ce, "shi ne wai ya manta. Da safe. Da cikinsu a cike."

"Mijinki ya ce tsufa ne."

"Mijina ko kaza bai taɓa kiwo ba."

Ta ɗaga kai ta dubi bakin rufin. Can ta tambaye ni wa ke riƙe da makullin sama. Na ce babban magini. Ta roƙi kwalin takalmi da ƙyallaye masu laushi, na ba ta, ta hau.

Tana sama uban ya iso. Ya zauna, ya fito da gwangwani, bai kai ga kaɗawa ba sai ga ta ta sauko, gyalenta duk ƙura, ta rungume kwalin a ƙirji.

"Ke kuma me ya kawo ki?"

"Sannu da zuwa, Baba."

Ta ɗora masa kwalin a cinya. 'Yan shila biyu ne a ciki, tsinken gashi ya fara huda musu fata, baki ya fi kai girma. A bayan tankin ruwa ta same su, inda wasu daga cikin tsuntsayen suka yi sheƙa a kan siminti.

Ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba sai ranar.

"Kin yi hauka ne? Kin raba su da iyayensu? Waɗannan ko tsaba ba su san ta ba! Maza ki mayar da su!"

"Gobe za a sauke tankin, Baba. Magina za su share wurin."

"To ki kamo iyayen!"

"Kai da ka iya ma ka kasa, balle ni?"

Ya riƙe kwalin da hannu biyu.

"To wa zai yi musu ɗura? Kin san ɗan shila kuwa? Ba ya buɗe baki a zuba masa. Shi ke cusa bakinsa cikin na uwarsa. Kuma ba sau ɗaya ba ne a yini, cikinsa na saɓewa sai a sake."

"Ni ina da aji."

"Mijinki fa?"

"Da wannan hannun nasa? Sai ya murɗe su kamar sitiyari."

Ya dubi cikin kwalin. Ya sa ɗan yatsa ya taɓa ƙirjin ƙaramin, ya taɓa na babban. Muryarsa ta sauka.

"Wannan bai ci komai ba tun safe."

Ni kuma, da yake bakina bai iya zama ba, na ce, "To ko a siton nan za ka ajiye su? Ga shi kusa."

Ya ɗago ya harare ni.

"Kai tela ne ko makashi? A wannan sanyin? Wurin da ko rana ba ta leƙawa? Ai kafin gari ya waye sun sandare. Wane mai rai ne zai kwana a nan?"

Auta ta sunkuyar da kai tana kaɗe gyalenta. Ni na koma neman allurar da ba ta ɓace ba. Shi kuma ya daɗe yana kallon bakin siton.

Daga nan ya ce in ba shi zare mai ƙarfi da 'yar kwalbar da ba a taɓa zuba mata mai ba. Ya aiki Auta kantin magani ta sayo safar hannu ta roba. Ya yanke yatsa ɗaya, ya ɗaure a bakin kwalbar, ya tsaga 'yar kafa daidai bakin ɗan shila. Hannun da aka ce ya mutu ko rawa bai yi ba. Ya rufe kwalin da ƙyalle, ya miƙe.

"Tashi mu tafi, sai an jiƙa tsaba an niƙa. Ki riƙe mini sandar, ni zan riƙe su. Kada ki bari kowa ya matse ni a bas."

Washegari benci ya wuni babu kowa. Haka jibi. Tankin ruwa kuwa yana nan a inda yake. Ya daɗe a wurin, har sai da magina suka gama wani aikin a wani layi suka dawo, sannan aka sauke shi.

Da aka fara ɗora sabon hawa, tsofaffin tsuntsayen suka watse. Wasu suka koma rumfar tashar bas, wasu ban san inda suka yi ba. 'Yan kaɗan, har da mai wuya ja, suna zuwa ƙofar shagona da hantsi. Na sayi tsaba na ajiye a aljihun tebur, kusa da maɓallai. Ban iya kaɗa gwangwani ba, amma ba su damu ba.

Shago ya yi mini faɗi. Babu mai zagin ɗinkina, sai masu kaya, su kuwa nasu zagin babu daɗi. Da kekena ya fara tsallake ɗinki, akwai wani mai gyara a bayan layinmu, amma na kwance kan keken na naɗe a buhu na hau bas biyu.

Da la'asar na isa. Na same shi a tsakar gida a kan 'yar kujera, ya baje tsumma a gabansa, ga kawunan keke guda uku a jere a gindin bango. Matan layin sun gano abin da ya iya. Wata ma tana tsaye a ƙofa tana tambaya ko nata ya yi, ya ce ta dawo gobe, ba tela ba ne shi, in ya ce gobe, goben ce.

Ya juyo ya gan ni. "A'a, maƙaryaci ne da kansa! Wa ya mutu?"

"Kekena."

"Taka in ji." Ya tuna kan keken kawai na kawo, babu abin takawa, ya juya shi da hannu, ya karkata kai. "Ba abin da ya same shi. Allura ka sa a karkace. Shekara nawa kana ɗinki?"

Ya gyara ta kafin in zauna sosai. Auta ta kawo mana shayi.

Ƙaramin ɗan shilan bai yi rai ba, ya faɗa mini. Ya yi iya yinsa, abinci ya ƙi zama a cikinsa. Babban ya tashi, namiji ne, toka-toka. Direban ya je ya sayo masa 'yar budurwar tattabara wadda ba ta taɓa tashi a ko'ina ba.

"An cuce shi, ƙafarta ɗaya a karkace. Amma tana da hankali." Ya nuna akurkin da haɓa. An rage fentin, an juya ƙofar ta daina kallon iska. "Yaron nan yana da hannu, in an tsaya a kansa."

Rana ta yi sanyi. Ya dafa bango ya miƙe, ya je ya buɗe ƙofar akurkin. Tun safe bai ba su komai ba. Suka fito suka tsaya a bakin katako, suka yi 'yan dube-dube, sannan suka tashi. Suka zagaya gidan, suka faɗaɗa, suka haye rufin makwabta har na daina ganinsu. Na saci kallonsa. Bai ɗaga kai ba, yana goge hannu da tsumma.

"Waɗannan ba su san can ba," ya ce.

Ya ɗauki gwangwanin ya kaɗa. Ba a jima ba sai ga inuwa ta gilma a kan simintin tsakar gidan, suka sauka a gabansa suna rige-rige.

Muka sha shayi. Ya tambayi mai wuya ja, na ce tana zuwa, ta yi ƙiba. Ya ce kada in riƙa ba ta shinkafa zalla, in haɗa da ɓarɓashin bulo.

"An sauke tankin kuwa?"

"An sauke."

"Washegarin?"

"Ni tela ne, ina na riƙe ranaku?"

Ya dubi ƙofar kicin, inda Auta take ta ƙarar kwanuka fiye da yadda wanke-wanke ke bukata. Kafaɗunsa suka ɗan girgiza.

"Ni ma akwai abin da nake son tambaya," na ce. "Safiyar nan da ka buɗe musu."

"Tsufa ne," ya ce. "Tambayi direba."

Da na tashi tafiya ya rako ni har bakin ƙofa, sanda a hannu ɗaya, gwangwani a ɗayan. Na saɓa buhun kekena.

"Mai gidan nan kuwa, ka samu ganinsa?"

"Wuyar gani gare shi."

"To bar shi. Macen nan ta fara ɗaukar ciyawa, ƙwai take nema. Ba ni da lokacin yawo." Ya juya zai koma, ya tsaya. "In allurarka ta sake karkacewa, ka san bas ɗin."